Shin zurfi a kimiyya yana cinye imani da Allah?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbin karatun fiziks a wata jami'a a Turai, har da tallafi. Tun da maganar ta fito 'yan'uwa suke ce mini in yi hattara, wai duk wanda ya yi nisa a kimiyya ƙarshe sai ya daina yarda da Allah, kuma wai abin da ya mayar da coci-cocin Turai kango ke nan. Gaskiya ne imani yana raguwa gwargwadon yadda ilimin kimiyya yake ƙaruwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ina taya ka murna, Allah Ya sa albarka a karatun, Ya kai shi lafiya Ya dawo mana da shi lafiya. 'Yan'uwan naka ba daga sama suka tsinci maganar ba. Hayaƙi suka hango, kuma da gaske akwai hayaƙin, sai dai gidan da suke nunawa ba shi yake cin wuta ba. Na daɗe ina koyar da tarihin kimiyya, kuma da wuya zangon karatu ya ƙare wani bai tare ni da wannan tambaya ba, ko a aji ko a bakin masallaci. Abin da nakan fara faɗa shi ne, maganar nan an auna ta, kuma an fi shekara 100 ana aunawa.

A 1914 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka mai suna James Leuba ya aika wa masana kimiyya 1,000 takardar tambaya. Tambayar tasa mai tsauri ce: shin ka yarda da Allah wanda ake roƙo, ake kuma sa ran Zai amsa? Wato Ubangiji mai jin addu'a yake nufi, ba wani ƙarfi da ba a san kansa ba. Kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce e, kwatankwacinsu suka ce a'a, ragowar suka ce suna kokwanto. Leuba ya yi hasashen cewa yadda ilimi yake yaɗuwa haka masu cewa e za su riƙa zaizayewa. A 1996 wasu mutum biyu, Edward Larson da Larry Witham, suka ɗauko tambayar nan yadda take suka sake aika wa masana 1,000, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1997. Masu cewa e suka fito kashi 39.

Ka duba abin da ya auku tsakanin 1914 da 1996. An fasa ƙwayar zarra, an samo fenisilin, an gano tsarin ƙwayoyin gado, an taka duniyar wata, an ƙera kwamfuta. Ba a taɓa yin shekara 80 da ilimi ya haɓaka irin haka ba, amma ma'aunin ya motsa ne da kashi 3 kacal. Da a ce kowane sabon bincike yana gutsurar imani, da zuwa 1996 ba abin da ya rage.

Amma ba zan rufe ka da tabarmar kunya ba, akwai ɗaya gefen. Larson da Witham sun sake kai tambayar wajen 'yan majalisar ƙoli ta masana kimiyya ta Amurka, wadda ba a shigarta sai an zaɓe ka, a 1998. A nan masu imani kashi 7 ne kawai. Leuba ma da ya ware waɗanda ake ɗauka manya a zamaninsa ya samu kusan kashi 28 a 1914, suka sauko zuwa 15 a 1933. Cibiyar bincike ta Pew kuma a 2009 ta samu kashi 51 na masana kimiyyar Amurka sun yarda da Allah ko wani iko na sama, alhali a cikin jama'ar gari kashi 95 ne. Saboda haka in mutum ya ce masana kimiyya a Amurka da Birtaniya da Faransa ba su kai sauran jama'a addini ba, ya yi gaskiya. Inda ake rabuwa shi ne dalili. Ɗakin gwaji ne ya cire musu imanin, ko kuwa da ma haka suka shiga?

Wata masaniyar zamantakewa a jami'ar Rice, Elaine Howard Ecklund, ta bi diddigin wannan. Daga 2005 ta tambayi malamai sama da 1,600 a manyan jami'o'in Amurka 21. Abin da ya fi fitowa fili shi ne gidan da mutum ya tashi. Da yawansu daga gidajen da addini bai yi ƙarfi ba suka fito, ba su zo da guzurin imani ba balle a ce an ƙwace musu a hanya. Waɗanda suka tashi a gidan addini kuwa su suka fi riƙe shi bayan sun zama furofesoshi. Daga baya ita da abokan aikinta suka faɗaɗa binciken zuwa wurare 8: Amurka, Birtaniya, Faransa, Italiya, Turkiyya, Indiya, Taiwan da Hong Kong, suka tambayi masana fiziks da bayoloji sama da 9,000, aka buga a 2016. A Indiya da Italiya da Taiwan da Turkiyya fiye da rabin masanan suka ce su masu addini ne. A Hong Kong da Taiwan ma masanan sun fi jama'ar gari addini. Kuma a duka wuraren 8 babu inda masu ganin kimiyya da addini abokan gaba ne suka kai rabi. Lissafin da ake yi a Ankara shi ake yi a Paris, littafin ɗaya ne, na'urar ɗaya ce. In amsar ta bambanta, ba daga lissafin ba ne.

Akwai wani abu kuma da yakan ba ɗalibaina mamaki. Tun zamanin Leuba an lura cewa masana halayyar ɗan'adam da na zamantakewa sun fi masana fiziks da kemistiri nisa da addini. Likitoci kuwa, waɗanda kullum hannunsu yake cikin kimiyya dumu-dumu, wani bincike na jami'ar Chicago a 2005 ya samu kashi 76 na likitocin Amurka sun yarda da Allah. Da sanin sirrin halitta ne yake korar imani, da masu auna taurari su za su riga kowa fita.

Misalin da na fi so shi ne kyautar Nobel ta fiziks ta 1979. Mutum uku suka raba ta kan aiki ɗaya, wato haɗa ƙarfin lantarki da wani ƙarfi mai rauni da ke cikin ƙwayar zarra a ƙarƙashin bayani guda. Biyu daga cikinsu su ne Steven Weinberg na Amurka da Abdus Salam na Pakistan. Weinberg sanannen mulhidi ne, har ya mutu yana sukar addini. Salam kuwa a walimar karɓar kyautar a Stockholm ya karanto ayoyin Suratul Mulk da suke cewa ba za ka ga wata tangarɗa a halittar Mai Rahama ba, ka sake dubawa. Allo ɗaya suka rubuta, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

To sai batun coci-cocin Turai, wanda shi ma gaskiya ne. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 kashi 59 suka ce su Kiristoci ne. A ta 2021 suka sauko zuwa 46, marasa addini kuma suka tashi daga 25 zuwa 37. Akwai majami'un da aka mayar gidajen haya, wasu shaguna, wasu ma Musulmi suka saya suka mayar masallatai. Amma ka lura da lokaci. Newton, masanin fiziks na Ingila, ya fitar da babban aikinsa a 1687, Darwin mai bayanin juyin halitta kuma a 1859. Rushewar zuwa coci da gaske a yawancin Yammacin Turai sai bayan 1960 ta kankama, kimanin shekara 100 bayan Darwin. Wane bincike aka yi a 1963 da ya hana matar ma'aikacin masaƙa a Manchester kai 'ya'yanta coci? Babu. Abin da ya zo a shekarun nan shi ne talabijin, da mota, da maganin tsara iyali, da fitar mata aiki, da gwamnati mai biyan kuɗin asibiti da fansho. A yankin Quebec na Kanada coci ce take riƙe da makarantu da asibitoci. A shekarun 1960 gwamnati ta karɓe su, kuma cikin zamanin tsara ɗaya majami'u suka bushe. A Ailan abin da ya karya wa coci ƙashin baya shi ne badaƙalar cin zarafin yara da ta fara fallasa daga shekarun 1990, da yadda shugabanni suka yi rufa-rufa. Amana aka ci, mutane suka watse.

In kana son gwaji mai tsafta, dubi Jamus. Al'umma ɗaya, harshe ɗaya, aka raba ta biyu bayan yaƙin duniya na biyu. Yau yankin da ya kasance Jamus ta Gabas yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya ƙarancin masu imani, Yamma kuwa ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai ce 'yan Munich ta Yamma sun gaza 'yan Leipzig ta Gabas sanin kemistiri. Ƙasar Cek da Folan maƙwabta ne, duka sun sha mulkin kwaminisanci. Ta farko tana cikin mafiya rashin addini a Turai, ta biyu tana cikin mafiya riƙo. Tarihinsu da coci ne ya bambanta: a Folan coci ta zama mafakar 'yan ƙasa a kan mamaya, a Cek kuwa an daɗe ana kallon cocin Katolika a matsayin ta sarakunan Austiriya masu mulkinsu.

Tarayyar Sobiyet ita ta ɗauki maganar 'yan'uwanka ta mayar da ita manufar gwamnati. An rufe majami'u da masallatai, an mayar da babbar cocin Kazan da ke Leningrad gidan tarihin mulhidanci, daga baya aka sa darasin da suka kira mulhidancin kimiyya a jami'o'i. Bayan ɗan sama jannatinsu Gagarin ya zaga duniya a 1961 har hotuna aka riƙa mannawa na ɗan sama jannati yana leƙe-leƙe a sararin samaniya, an rubuta babu Allah. Tun a ƙidayar 1937, bayan shekara 20 ana wannan aiki, fiye da rabin manya suka amsa cewa su masu imani ne. Shugaban tarayyar, Stalin, ya hana fitar da sakamakon, aka kama masu ƙidayar. Da tarayyar ta rushe, masu kiran kansu mabiya cocin Otodoks a Rasha suka tashi daga kashi 31 a 1991 zuwa 72 a 2008, duk da cewa masu zuwa cocin a kai a kai ba su da yawa. Ƙasar da ta fara harba tauraron ɗan'adam ke nan.

Amurka kuwa, wadda ta ja ragamar kimiyya a mafi yawan ƙarni na 20, ƙididdigar cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta nuna masu yarda da Allah a cikinta sun haura kashi 90 tun daga 1944 har 2011. Daga baya abin ya sauka, a 2022 kashi 81 ne, kuma marasa addini sun tashi daga kashi 16 a 2007 zuwa 29 a 2021 a lissafin Pew. Masu nazarin wannan sun fi danganta shi da cakuɗewar coci da siyasar jam'iyya, da jinkirin aure, da intanet. Koriya ta Kudu kuma a daidai shekarun da ta tashi daga ƙasar manoma ta zama ta Samsung da Hyundai, a nan ne Kiristoci suka tashi daga 'yan tsiraru suka haura kashi ɗaya bisa huɗu. Wani babban masanin zamantakewa, Peter Berger, a 1968 ya yi hasashen cewa zuwa ƙarni na 21 masu addini za su zama 'yan ƙananan ƙungiyoyi a tsugune. A 1999 ya fito ya ce ya yi kuskure, duniya tana nan da zafin addininta. Ina girmama shi saboda wannan. Ba kowane malami yake iya lashe amansa a bainar jama'a ba.

To mene ne yake tafiya tare da raguwar addini in ba kimiyya ba? Bayanin da na fi gamsuwa da shi shi ne na Pippa Norris da Ronald Inglehart a 2004. Sun duba ƙididdiga daga ƙasashe masu yawa, suka ce abin da ya fi hasashen ƙarfin addini a ƙasa shi ne irin zullumin da mutane suka tashi a cikinsa. Wanda ya girma bai san ko ɗansa zai kai shekara biyar ba, bai san ko damina za ta yi kyau ba, bai san wa zai riƙe shi in ya tsufa ba, bakinsa ba ya rabuwa da addu'a. Wanda ya girma a Denmark, inda in ya rasa aiki gwamnati za ta biya shi, in ya kwanta ciwo ba za a tambaye shi ko sisi ba, yakan yi wata bai tuna yana da buƙata ba. Wata masaniyar tattalin arziki a jami'ar Copenhagen, Jeanet Bentzen, ta nuna cewa a watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, neman kalmar addu'a a Google ya yi tashin da bai taɓa yi ba, har a ƙasashen da ake cewa sun bar addini.

Alhaji, wannan ai mun san shi tun muna makarantar allo. Suratul Alaƙ ta ce lallai mutum yana ɗagawa idan ya ga ya wadata. Suratul Ankabut ta kawo mutanen da suke kiran Allah da zuciya ɗaya a cikin jirgin ruwa, da sun taka tudu sai su koma gidan jiya. Nan ne kimiyya take da hannu, amma ta bayan gida: ita ta kawo riga-kafi da takin zamani da famfo da wutar lantarki, su kuma suka rage zullumi, raguwar zullumi ta rage wa wasu jin buƙata. Ƙoshi ne ya yi aikin. Attajirin da ya daina zuwa sallar asuba bayan ya yi kuɗi ba littafin fiziks ya karanta ba.

Akwai abin da kimiyya take kashewa kai tsaye, kuma ba ta yi masa da sauƙi. Ina tuna wani dare muna yara, wata ya yi jajir kamar garwashi. Kafin ka ce kwabo unguwa ta kaure da ƙarar gwangwani da tsofaffin kwanuka, mu muna biye da manyan yara lungu-lungu muna bugawa, wai rana ce ta kama wata, sai an roƙe ta za ta sake shi. Kakata tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, tana cewa wani babban mutum ne zai mutu. Yau ɗan aji uku na sakandare zai gaya maka inuwar duniya ce ta faɗa kan wata, kuma wayarsa za ta ba shi ranar da minti da za a sake yi. Gwangwanin ya mutu. Sallar husufi tana nan ana yi, domin da ma ba a kan wancan labari aka gina ta ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya gyara musu da kansa: rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Haka shan inna. Sunan ma yana ɗauke da tsohon bayanin, wato Inna ta bori ce ta shanye wa yaro ƙafa. Yanzu an san ƙwayar cuta ce da take bi ta kashi da gurɓataccen ruwa, kuma da ɗigon riga-kafi aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin nau'inta a watan Agusta na 2020. Girkar bori ta yi asarar kasuwa, masallaci bai rasa sahu ba. Ronald Ross, likitan da ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a Indiya a 1897, da ya gano abin sai ya zauna ya rubuta waƙar godiya ga Allah.

Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya jingina imaninsa a kan wurin da ilimi bai kai ba tukuna. Newton, duk da girmansa, ya faɗa wannan rami. Da lissafinsa ya nuna kamar tafiyar duniyoyi za ta riƙa karkacewa a hankali, sai ya ce Allah ne yake sa hannu lokaci-lokaci Yana daidaitawa. Bayan kimanin shekara 100 wani masanin lissafi na Faransa, Laplace, ya nuna cewa karkacewar tana gyara kanta. Ana ba da labarin Napoleon, mai mulkin Faransa, ya tambaye shi ina Allah a littafinsa, ya ce bai buƙaci wannan zato ba. Wanda ya ajiye Allah a cikin giɓin lissafi, duk ranar da aka cike giɓin sai ya ga kamar an kore Shi. Wanda kuwa tauhidinsa shi ne Allah Ya halicci sababi da abin da sababin ya haifar, gano yadda girgije yake haɗuwa ba ya rage masa komai, don bai taɓa cewa babu girgije ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya hango wannan tun kafin a haifi kakannin Newton. A gabatarwar littafinsa Tahafutul Falasifa ya kawo misalin husufi daidai, ya ce wanda ya zaci musanta bayanin masana taurari hidima ce ga addini, to cutar addinin ya yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafin ba, addinin zai yi wa shakka. A wani littafinsa, Munƙiz, kuma ya ambaci haɗari biyu: ɗalibin da ƙwarewar masana a lissafi ta burge shi har ya bi su a kafircinsu ba tare da hujja ba, da kuma jahilin masoyin Musulunci mai ƙaryata duk abin da ya fito daga bakinsu. Ni a aji na ga na biyun ya fi ɓarna. Wani ɗalibina, yaro mai natsuwa, ya same ni a ofis bayan la'asar ya rufe ƙofa, ya ce tun yana ƙarami ake gaya masa a wa'azi cewa Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, ya ji kiran salla a can ya musulunta, yanzu ya bincika ya ga ƙarya ce. Ƙarya ce kuwa. Armstrong ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fitar da sanarwa a kai a 1983. Yaron ya dube ni ya ce, Malam, to sauran abubuwan da suka gaya mana fa? Ba Darwin ne ya girgiza shi ba, mai wa'azin da ya ga ƙarya za ta yi wa gaskiya ado ne.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu gaggawar ɗaura kowace aya a kan sabon binciken da suka gani a Facebook. Bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam ne ya kawo shi, Georges Lemaître: maganar faɗaɗar a 1927, ta mafarin kuma a 1931. Wasu mulhidai ma sun ƙi shi da farko saboda yana ƙamshin halitta. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta tabbatar da farkon halitta. Lemaître bai ji daɗi ba, ya yi ƙoƙari aka daina, domin ya san bayanin kimiyya yana iya sauyawa gobe, kuma in ka ɗaure akidarka a jikinsa tare za su tafi.

Inda ɗanka zai ji gogayya ta gaske shi ne asalin ɗan'adam. Shekarun duniya, biliyan 4.5, da na sararin samaniya, biliyan 13.8, ba su cika damun Musulmi ba, tunda Alƙur'ani da kansa ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 da mai tsawon 50,000. Maganar juyin halitta da matsayin Annabi Adamu ita ce mai nauyi, kuma malaman Musulunci na zamani suna ta rubutu a kanta, ra'ayoyi sun bambanta. Abin da ba zai yi aiki ba shi ne a ce masa shirme ne kawai, wai sun ce mutum daga biri ya fito. Ba haka masu bayanin suke cewa ba, kaka ɗaya suke cewa an haɗa, kuma hujjojinsu na ƙasusuwa da ƙwayoyin gado suna da yawa. Zai gan su da idonsa. Darwin ma a wata wasiƙa ta 1879 ya ce mutum zai iya zama mai tsananin imani da Allah kuma ya yarda da juyin halitta, ya kuma ce shi bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba, mai kokwanto ne. Masu rubuta tarihinsa da dama suna ganin rasuwar 'yarsa Annie tana shekara 10 a 1851 ta fi ƙasusuwan dabbobi taɓa masa zuciya.

Saboda haka in da ni ne kai, ba ɗakin gwaji zan sa wa ido ba. Zan tambaya da wa zai zauna, akwai masallaci ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi kusa, wa zai kira in kaɗaici ya dame shi a watan Disamba lokacin da rana take faɗuwa ƙarfe huɗu. Zan kuma tabbata ya san zai iya kawo mini kowace irin tambaya ba tare da na ce a'uzu billahi na kashe waya ba, kuma in ban san amsa ba in haɗa shi da malamin da ya karanci ɓangarorin biyu. Yaran da na ga sun sulale, yawancinsu a hankali ne: salla ta fara wucewa, abokai suka sauya, hujjar kimiyya ta zo daga baya ta zama mayafi.

Wani abu kuma da ya kamata ya shirya masa tun yanzu. In garin da za shi yana arewa da Paris, irin su Landan ko Berlin ko Stockholm, akwai makonni a tsakiyar bazararsu, wajen Yuni, da hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya har alfijir ya keto, sai ya zama ba a gane shigar isha da fitowar asuba da ido. Masallatan can sun sha bamban kan yadda ake ƙaddara lokacin, wasu suna bin gari mafi kusa da dare yake cika, wasu suna raba daren kashi bakwai. Ka ce ya nemi jadawalin masallacin unguwarsu tun makon farko, ya kuma zauna ya gane lissafin da kansa, tunda abu ne da ya shafi fanninsa. Aikin da Ibnus Shaɗir yake yi ke nan a babban masallacin Damashƙa a ƙarni na 14, shi ne mai tsayar da lokutan salla, kuma zane-zanensa na tafiyar wata sun yi daidai da waɗanda aka gani a littafin masanin taurari na Turai, Copernicus, bayan sama da shekara 150.